Shagon Baba

Nkembo, Libreville,
6 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Yayata Salamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki roƙe ta ta rage wannan tafiyar kasuwa da take yi a ƙasa duk ranar Alhamis, shekaru sun ja. Ki gaida matata Bilkisu da yarana. Saƙon yaji da garin kuka ya iso, na gode, sai dai ki tambayi Inna ko leda ta ƙare ne a Garwa da za ta naɗo mini su a tsohon zanenta.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon muryata. Na san halinki da waya, da saƙo ya shigo sai ki ƙure sauti a tsakar gida har kaji su ji. Wannan magana ba ta tsakar gida ba ce. Ki shiga ɗaki ki karanta ke kaɗai.

Yaya, jiya na ga shagon Baba.

Kin san shekara goma sha huɗu ke nan da zuwana Gabon, kuma ba lungun da ban shiga ba ina neman shagon nan na hoton da ke rataye a ɗakin Inna. Duk tsohon da na tambaya a masallaci ko ya san Amadu mai shago, sai ya kalli ɗan'uwansa ya ce bai tuna ba. To ashe shagon yana unguwar Lalala, a cikin ɗakin wata mata.

Sunanta Madam Sarah, 'yar ƙasar nan ce, tsohuwar malamar lekwal, wato makarantar boko. Ta mai da falonta da ɗaki guda ɗan gidan tarihi. Mahaifinta mai ɗaukar hoto ne a da, ya mutu ya bar hotuna cike da kwalaye. Sai ta riƙa ɗaukar tsohon hoto, ta je ta tsaya daidai inda uban ya tsaya, ta ɗauki wurin yadda yake a yau, ta jera su biyu-biyu a bango, na da a hagu, na yanzu a dama. Inda ake shanya kifi ya zama gidan mai. Famfon da mata ke layi da bokitai ya zama rumfar masu gyaran waya. Lalala da taksi ke hana mutum tsallaka titi, a hotonta gonar rogo ce da akuya biyu. Ni da na taya ta kai wani akwatin ƙarfe daga tashar jirgin ruwa ta Port Môle, sai na tsaya ina kallo ina dariya.

Dariyar ta tsaya da muka shiga ɗakin ciki, inda ta sake shirya wurin aikin uban nata yadda yake a da. Yaya, kantar nan ce. Ma'aunin nan ne, rediyon nan ne, jeren gwangwanaye uku ne a bayanta. Kin tuna gwangwanin madara na uku daga hagu, mai lotsawa a gefe, wanda muke faɗa a kan wa zai sha idan Baba ya zo da shi? Na miƙa hannu na ɗauke shi. Babu komai a ciki. Na ɗauki na kusa da shi, na ɗauki na sama, duk fanko ne. Ko rediyon kwando ne kawai, ba kayan ciki.

Ina tsaye kamar an dasa ni ta buɗe akwatin da na kawo, ta zaro shuɗiyar babbar riga. Na gane ta tun kafin ta warware ta, saboda ƙunar nan da ke ƙasan aljihu, wadda Inna ke ce mana ita ta yi ta da dutsen guga na gawayi ana gobe Baba zai tafi. A ƙarƙashin rigar akwai hotuna talatin da ɗaya. Mutum talatin da ɗaya, Yaya, duk a bayan kanta ɗaya, cikin riga ɗaya, da ƙuna ɗaya. Har da Malam Bakari na bayan masallacinmu, wanda 'ya'yansa ke mana gorin nasu shagon ya fi namu.

Matar tana murmushi take ba ni labari, ba ta san tana yanka ni ba. Ta ce Hausawa 'yan dako ne na bakin ruwa. Ranar Lahadi sai su yi wanka su zo su yi layi, su sa rigar bi da bi, kowa ya dafa kanta a ɗauke shi, ya aika gida. Sannan ta ja ni falo ta nuna mini su a bakin aiki. Hoton Port Môle ne na 1978. Wani mutum da singileti, ba takalmi, buhun siminti a kansa a kan gammo, wuyansa ya nutse cikin kafaɗu. Ga tabon ƙahon saniya a girarsa ta hagu. Baba ne, ba tantama. Na ɗauki hoton da wayata, ga shi na haɗa miki. Na fita ko sallama ban yi mata ba.

Ba ƙaryar Baba ce ta fi razana ni ba, Allah ya ji ƙansa. Baffa Sule nake tunani. Da Baba ya rasu shi ya zo garin nan, ya koma da jaka ɗaya: riga biyu, buta, casbi, da wani tsumma a naɗe. Muka girma muna cewa ƙanen ubanmu ya cinye shagon marayu, har da shuɗiyar riga. Ranar sunan ɗanki Adamu na tare shi a ƙofar masallaci na kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Ya sunkuya ya ɗauki takalmansa ya tafi. Shekara ashirin da biyu ban gaishe shi ba. Inna ta sha ce mana mu bar maganar Sule, ba mu san komai ba, muna cewa sanyin hali ne ya yi mata yawa.

Me muka yi wa mutumin nan, Yaya? Don Allah kada Inna ta ji tukuna.

Ƙanenki,
Mudassir.


Nkembo, Libreville,
9 ga Oktoba, 2024.

Yaya Salamatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, Inna da Bilkisu da yara duka. Na ji saƙonninki guda bakwai, har wanda kika ce zaman Gabon ya taɓa mini kai, da wanda kika ce yanzu ana haɗa hoto da waya. Ban ji haushi ba. Ni ma da ji na yi, da haka zan ce. Amma gani ya kori ji.

A na ƙarshe kin yi mini tambaya biyu, kuma tun muna yara ba a ɓoye miki abu. Kin ce me ya haɗa mai butik da ɗaukar akwatin wata mata. Kin kuma ce me ya sa hoton da na turo aka yanke shi ta dama, alhali na ce miki biyu-biyu take jera su.

Ga shi nan na sake turowa cikakke. Ki duba na dama.

Ni ne, Yaya. Wurin ɗaya ne, har turken ƙarfen da ake ɗaure jirgi yana nan, fenti kawai aka canza masa. Shi buhun siminti ne a kansa, ni kwalin daskararren kifi. Shi ƙafar hagu ce a gaba, ni ma ita ce. Madam Sarah ta ce mini a hanya kwana uku ta yi tana zuwa da safe, tana jiran wani ɗan dako ya ratsa ta daidai wurin, sai Allah ya kawo ni. Shi ya sa da akwatinta ya iso ta nufo ni cikin mutane, ta gane fuskata. Ba ta san uba da ɗa ta rataye a ƙusa biyu ba. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, to na gada, har da yadda ake taka ƙasa.

Butik ɗina ya ƙone tun watan Janairun bara. Wuta ce ta tashi a layinmu da rana tsaka ana sallar Juma'a, kafin mu dawo ko allura ban fitar ba. Na ce bari in yi dako wata biyu in farfaɗo, ga shi ana neman shekara biyu. Shagon da kuke gani a hotunana na abokina Muhajir ne, mutumin Damagaram. Ranar Juma'a in na sa wankakkun kaya sai ya matsa gefe, in shiga bayan kantarsa, ya ɗauke ni. Hular da kike tsokanata na ƙi cirewa ko a cikin ɗaki, gashin tsakar kaina ne ya zube, saboda kwali nake ninkewa in ɗora kaya a kai. Wato abin da Baba ya yi a ɗakin mai hoto, ni na yi shi da waya, ina kuma tunanin ni na ƙirƙiro dabarar.

Kunyar wannan zan iya haɗiye ta. Wadda ta tsaya mini a maƙogwaro ita ce abin da kika faɗa a tsakiyar faɗanki, cewa Baffa Sule yana kwance tun farkon damina, idonsa ma ya tafi. Me ya sa ba wanda ya gaya mini? Na san amsar, ni na ce kada a ƙara kawo mini sunansa. Yanzu ko kaya nake ɗauka, in waya ta yi ƙara a aljihu sai in ce shi ke nan ya tafi da kalmata a kansa.

Na san tsoronki. In kika taka gidan Baffa bayan shekarun nan, kafin ki dawo unguwa ta sani, Inna ta tambayi dalili, hoton da take sharewa da gefen zanenta duk safiya ya faɗo ƙasa. Ni ma ina tsoron haka. Amma Baba ya riga ya tafi inda hoto ba ya amfani, Baffa kuwa yana numfashi. Ba ni da halin tasowa yanzu, kin ga dalili. Zan rubuto takarda ki je ki karanta masa da bakinki. In kin ƙi saboda ni, ki je saboda kanki, don ke ma kin sha ɗauke kai in kun haɗu a hanya.

Bilkisu kuwa ki bar mini, ni zan gaya mata da kaina.

Ƙanenki da ya ba ki kunya,
Mudassir.


Nkembo, Libreville,
13 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Baffana, Malam Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga uba, in har kun yarda in kira kaina haka. Yaya jiki? Allah ya sa kaffara ne, ya ba ku lafiya. Ina gaida iyali duka. Muryar da kuke ji ta Salamatu ce, amma maganar tawa ce, ni Mudassir ɗan yayanku Amadu.

Baffa, na ga shagon. Na ɗaga gwangwanayen da hannuna. Na ga Baba da buhu a ka a bakin ruwa, a wurin da ni ma nake ɗaukar kayan mutane yau, don ni ma dako nake yi, ba ni da shago. Na san yanzu jakar da kuka kawo ita ce duk abin da ya bari. Kun san gaskiya ranar da na kira ku da sunan nan a ƙofar masallaci. Kalma ɗaya za ku faɗa jama'a su juyo kaina, kuka ɗauki takalmanku kuka tafi. Tun da na gane haka nake neman uzurin da zan kawo muku, ban samu ba. Yaro ne ni lokacin, amma ba yaro ba ne a shekaru ashirin da suka biyo baya.

Akwai abin da nake so ku ji, wataƙila ku ma ba ku sani ba. Shekaranjiya na koma wurin matar da ke riƙe da hotunan, na nuna mata na hagu na ce ubana ne, na nuna na dama na ce ni ne. Sai da ta nemi kujera ta zauna. Ta ba ni haƙuri, ta ce in na so yanzu za ta sauke su. Da na faɗi sunan Baba sai ta dafe baki, ta ce ai rigar nan tun tana yarinya rigar Amadu ake ce mata a gidansu.

Ta ce ba ta mahaifinta ba ce. Baba ne ya zo da ita daga gida a 1977. Ranar da aka ɗauke shi hoto, mutumin da ke bayansa a layi ba shi da komai sai yagaggiyar taguwa, yana ta jan ta yana rufe kafaɗa. Baba ya tuɓe rigar ya miƙa masa. Na bayan wancan ma ya roƙa. Daga ranar ya bar ta a ƙusa a ɗakin mai hoto, ya ce duk wanda zai aika hoto wa uwarsa ko matarsa ya sa. Shekara goma sha biyu bai karɓe ta ba, sai in zai zo gida ya ara ya mayar. Ashe ƙunar Inna gaskiya ce. Ashe tsofaffin masallacin nan da suka ce ba su tuna Amadu ba, rigarsa ce a bangon gidajensu, shi ya sa suka rufe baki.

Har wannan riga na ce kun sace, Baffa.

Ba na roƙon ku manta. Ina roƙon ku yafe mini don Allah, tun muna da rai mu biyu. In kun ce sai na zo na tsaya a ƙofar masallacin nan na janye maganata a gaban waɗanda suka ji ta, zan zo ranar da Allah ya hore mini, ko da ƙafa ne.

Ɗanku mai laifi,
Mudassir.


Nkembo, Libreville,
10 ga Nuwamba, 2024.

Yayata Salamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiya, Allah ya saka miki da alheri. Ki gaida Inna, ki gaida Baffa in kin je gobe. Mun yi magana da Bilkisu. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kashe waya, bayan sallar la'asar ta kira ta tambaye ni ko ina cin abinci.

Direban da kuka ba saƙo ya iso jiya, sati uku a hanya. Na karanta takardarki ban san sau nawa ba, har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Wato kin shiga gidan Baffa kina sanɗa ranar Alhamis, don Inna ta tafi kasuwa, sai ga Inna zaune a gefen gadonsa tana ba shi kunu. Wannan ce kasuwar da ke cinye mata ƙafa. Mu muna can muna ɓoye mata abin da ta riga mu sani da shekara arba'in da bakwai.

Maganar Baffa na haddace ta. Ya sa kin karanta sau biyu, ya ce ya yafe tun ranar, kafin ya kai gida. Ya ce a kira shi ɓarawo ya fi masa sauƙin ɗauka da a kira yayansa maƙaryaci a gaban marayunsa, shi ya sa ya sa Inna ta yi masa rantsuwa ba za ta faɗa ba. Amma da ya ce zagin bai yi masa ciwo kamar takuna ba, yadda yake jin na zo daidai ƙofarsa in ƙara sauri, Yaya, a nan na ajiye takardar na fita waje. Ki gaya masa zan zo da ƙaramar salla, hannu biyu ba komai, kamar yadda ya ce.

Sai tsumman nan na jakar Baba da kuka haɗo mini da shi. Shekara talatin da biyar muna yi wa Baffa dariya da shi, wai ya je Gabon ya kwaso mana gadon tsumma. Na warware bakinsa kaɗan, gammo ne, an murɗa shi da kyau an ɗinke, tsakiyarsa ta yi baƙi da gumi. Kin ce Inna ta ce zanenta ne. Hoton farko da ya iso mata ba ta kalli gwangwani ba, wuyan mijinta ta kalla da hannun da ya dafa kanta, ta san mai shago ba ya da irin su. Ba ta tambaye shi ba, ba ta aika masa magana ba. Ta zaɓi zanenta mafi laushi ta ba matafiyi ya kai masa. Shi ma har ya mutu bai ce mata ya gane ba.

Ina karanta wannan sai idona ya kai kan ƙusa, inda na rataye zanen da aka naɗo mini yaji a ciki. Har tsokana na yi ko leda ta ƙare a Garwa. Na sauke shi na riƙe a hannu. Duk Juma'ar da na shiga bayan kantar Muhajir ina gyara hula, ashe Inna wuyana take kallo a hoton.

Yau da safe na je Lalala. Na ce wa Madam Sarah kada ta sauke hotunan, ta rubuta suna a ƙarƙashi: Amadu ɗan dako, mai riga, da ɗansa Mudassir. Na ba ta gammon Baba, ta sa shi a akwatin gilashi a ƙarƙashin hotonsa. Sai ta hango nawa a hammata, wanda na murɗa jiya da zanen Inna, ta ce ko zan ba ta shi ta ajiye ta dama, tunda komai nata biyu-biyu ne. Na ce ta yi haƙuri, wannan bai zama tarihi ba tukuna, akwai jirgin da zai shigo ƙarfe goma.

Ki ce wa Inna ya zauna mini daidai, kaina bai yi zafi ba yau.

Ƙanenki,
Mudassir ɗan Amadu.